Ernest Thompson Seton, maharbin da ya koma marubucin labaran namun daji: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Seton, har da za a ɓata lokaci a kansa?

Marubuci ne, mai zane, kuma masanin halayyar dabbobi, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1946. Yana cikin mutum biyu ko uku da suka fara rubuta wa yara labarin dabbar daji a matsayinta na dabba: inda aka haife ta, abin da take ci, wanda take tsoro, dabarar da uwarta ta koya mata, da yadda ajalinta ya zo. Kafin shi, yawancin labaran dabbobi da ake ba yaran Turawa ba su da nisa da tatsuniyoyinmu, dabba ce a fata amma mutum ne a ciki. Littafinsa na 1898 mai suna Wild Animals I Have Known, wato namun dajin da na sani, shi ya buɗe wannan sabuwar ƙofa sosai, kuma har yau ana buga shi. Bayan haka yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar sikawut ta Amurka, ko da yake rabuwarsu da ita ba ta yi daɗi ba.

Ɗan wace ƙasa ne? Wasu na cewa Kanada, wasu Amurka.

Duk sun yi gaskiya, kuma akwai ta uku. An haife shi ranar 14 ga Agusta 1860 a South Shields, wani gari na bakin teku a arewacin Ingila. Mahaifinsa mai jiragen ruwa ne, sai kasuwa ta juya masa baya, ya kwashi iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Kanada a 1866. Sun fara zama a gona kusa da garin Lindsay a Ontario, noma bai karɓe su ba, suka koma birnin Toronto a 1870. A Kanada ya girma, a can ya koyi daji. Daga baya aiki ya ja shi Amurka, ya zauna shekaru da yawa a can yana ɗan ƙasar Birtaniya, sai a 1931 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka.

Sunan ma sai da ya sha juyi. Ernest Evan Thompson aka raɗa masa. Danginsa suna da'awar cewa sun fito daga gidan Seton, wani tsohon gidan sarauta na Sikotland, shi kuwa ya riƙe wannan magana da hannu biyu. Shi ya sa za ka ga tsofaffin bugu da Ernest Seton Thompson, sababbi kuma da Ernest Thompson Seton. Mutum ɗaya ne. Sau da yawa in ya sa hannu a wasiƙa sai ya zana sawun kyarkeci a gefe.

Da gaske ne mahaifinsa ya kawo masa lissafin kuɗin rainonsa?

Haka ya rubuta a tarihin rayuwarsa da ya fitar a 1940. Ya ce da ya cika shekara 21, uban ya kira shi ya buɗe littafin lissafi, ya nuna masa duk abin da aka kashe a kansa tun daga ranar haihuwa, har da kuɗin likitan da ya karɓi haihuwar. Jimla dala 537 da santi 50. Ya ce a biya shi.

Bahaushe in ya ji wannan sai ya riƙe baki, don a wajenmu ko tsakanin maƙwabta ba a irin wannan lissafi, balle uba da ɗa. Seton ya kwatanta mahaifinsa da mutum mai zafin hannu da son kai, kuma bai taɓa yafe masa a rubuce ba. Sai dai masu bin tarihinsa sun lura cewa shi kansa gwanin ƙara wa miya gishiri ne in yana ba da labarin kansa, don haka ana karanta wannan babi da ido biyu. Abin da babu gardama a kai shi ne gidan bai yi masa daɗi ba, kuma daji ya zame masa mafaka tun yana ƙarami.

A ina ya koyi sanin dabbobi haka?

Da ƙafa da fensir. Yana yaro a Toronto, kwarin kogin Don, wanda a lokacin kurmi ne a gefen gari, shi ne makarantarsa ta farko. Can yake tserewa ya yini yana kallon tsuntsaye, har ya gina wa kansa 'yar bukka a ɓoye. Uban ya ce babu abinci a sanin tsuntsaye, zane zai koya. Ya koya kuwa, ya ci lambar zinariya a makarantar zane ta Ontario a 1879, ya wuce Landan ya ƙaro ilimi, yunwa da rashin lafiya suka koro shi gida a 1881.

A 1882 ya tafi Manitoba, wajen ɗan'uwansa da ke noma kusa da Carberry. Manomi dai bai zama ba. Fili ne fetal da tuddan rairayi, ga dusar ƙanƙara da ke riƙe sawun duk abin da ya taka ta. Nan ya ƙware a bin sawu. In ka ga tsofaffin mafarautanmu sun duƙa sun dubi ƙasa sun ce gada ce ta wuce da asuba tana ɗingishi, to irin wannan karatun ya yi, sai dai shi yana zanawa, yana aunawa, yana rubuta kwanan wata. Ya riƙe wannan ɗabi'a ta rubuta abin da ya gani kullum har tsufansa. Ya fitar da rubuce-rubuce kan tsuntsaye da dabbobin Manitoba, gwamnatin lardin ta naɗa shi masanin halittunta a 1892. Ya kuma yi karatun zane a Faris, inda aka baje hotonsa na kyarkeci mai barci a babban bikin nunin zane na 1891.

Wane ne Lobo da ake yawan haɗa sunansa da shi?

Kyarkeci ne. Mu dai yawancinmu a ƙissar Annabi Yusuf muka san kyarkeci, amma a yammacin Amurka a wancan zamani shi ne babban abokin gabar masu shanu. Turawa sun ƙarar da ɓaunar ƙasar, wadda ita ce abincin kyarketai tun fil azal, suka zuba shanu a makwafinta. Kyarkeci kuwa ba zai yi azumi ba. Sai aka shiga yaƙi da shi da guba da tarko da bindiga, ana biyan lada a kan kowace fata.

A ƙarshen 1893 wani mai garke ya ɗauki Seton haya ya je kwarin Currumpaw, a arewa maso gabashin New Mexico, ya kashe masa wani garken kyarketai da ya gagari kowa. Shugabansu shi ake kira Lobo, kalmar da ke nufin kyarkeci a harshen Sifaniyanci. A labarin da Seton ya rubuta, an sa dala 1,000 a kansa, maharba sun zo da karnukansu sun koma da kunya.

Seton ya zo da taƙamar gwaninta. Ga yadda ya ce ya haɗa gubar: ya narka cuku da kitsen ƙodar karsana da aka yanka a lokacin, a cikin tangaran, ya yanka da wuƙar ƙashi don kada ƙanshin ƙarfe ya taɓa, ya cusa gubar a kafso, hannunsa cikin safar da aka tsoma a jinin karsanar, ko numfashi bai yarda ya sauka a kan naman ba. Ya hau doki ya yi ta jefa gutsattsarin a hanya. Washegari ya bi sawu, ya ga an ɗauke na farko, an ɗauke na biyu, an ɗauke na uku, zuciyarsa ta yi fari. Da ya isa na huɗu sai ya tarar Lobo ya tara su wuri ɗaya ya yi kashi a kai. Ya koma tarkon ƙarfe, ya binne su a jere bisa tsari. Lobo ya shigo tsakiya, ya ji abin bai kwanta masa ba, ya koma da baya yana sa kowace ƙafa a sawun da ta bari, sannan ya zagaya ya yi ta watso duwatsu da ƙasa har tarkunan suka tashi.

Abin da ya karya shi macensa ce, wata farar kyarkeci da makiyaya ke kira Blanca. Seton ya lura daga sawu cewa akwai wadda ke wuce shugaba ta shiga gaba ba a hukunta ta, ya gane mace ce. Ya ɗana mata tarko a jikin kan saniya, ta faɗa. Suka zarga mata igiya a wuya, dawakai biyu suka ja ta gefe da gefe har ta mutu. Seton bai ɓoye wannan ba, ya ma ce abin ya riƙa dawo masa daga baya. Kwana biyu ana jin kukan Lobo a kwarin, kuka irin wanda makiyayan suka ce ba su taɓa ji daga bakin kyarkeci ba. Ya bi sawun gawar har gidan kiwon. Sai Seton ya ɗana tarko 130, ya ja gawar Blanca a kansu, ya yanke ƙafarta ɗaya ya riƙa buga sawunta a ƙasa. Dabbar da ta fi shekara huɗu tana raina dabarar mutane ta zo ta faɗa tarko huɗu lokaci guda, kowace ƙafa da nata.

Seton ya yi niyyar kashe shi ya fasa. Suka ɗaure shi suka kai shi gida da rai, aka sa masa sarƙa, aka ajiye masa nama da ruwa. Bai kalli ko ɗaya ba, bai kalli mutanen ba, idonsa na can kan filin da ya saba mulka. Da gari ya waye ya mutu. Ranar 31 ga Janairu 1894 aka kama shi. Labarin ya fito a mujallar Scribner's a watan Nuwamba na shekarar.

To daga nan ya tuba da farauta?

Kyarkeci dai bai sake kashewa ba. Amma kada a mai da shi waliyyi, ya ci gaba da harbin dabba jefi-jefi don bincike, kamar yadda masanan zamaninsa ke yi. Abin da ya canza shi ne gefen da ya tsaya. A labarin Lobo shi ne mugun, kuma shi ya rubuta kansa a haka. Mai karatu yana gamawa yana jin haushin marubucin, yana tausayin ɓarawon shanu. A ƙasar da gwamnati da makiyaya suka haɗa kai don share kyarkeci daga doron ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaƙin bai tsaya don labari ɗaya ba: zuwa 1926 babu sauran garken kyarketai a gandun dajin Yellowstone, sai a 1995 aka dawo da su daga Kanada. Amma yaran da suka yi kuka a kan Lobo suna cikin waɗanda suka girma suka fara tambayar ko daidai ake yi.

Mene ne bambancin labaransa da tatsuniyoyinmu na Gizo da kura da dila?

A tatsuniya, kura tana zuwa kasuwa, zaki yana zaman fada, Gizo yana auren Ƙoƙi yana yaudarar sarki. Babu yaron da ke fita daga ɗakin kaka yana zaton ya koyi halin kura ta gaske. Kwaɗayi da wauta da wayon ɗan Adam ake nuna masa, an dai sa musu wutsiya ne don darasin ya shiga da dariya. Kuma dila ɗaya ne a duk tatsuniyoyi, malamin daji, halinsa ba ya canzawa.

Seton ya ɗauki akasin haka. Ya ce kamar yadda tarihin mutum ɗaya fitacce ya fi jan hankali a kan bayanin ɗan Adam gaba ɗaya, haka labarin dabba ɗaya takamaimai ya fi bayanin jinsinta. Hankakansa hankaka ɗaya ne, mai farin tabo kusa da baki, mai zama a wani tudu sananne a Toronto, kuma Seton har rubuta kukansa ya yi da alamomin kiɗa: wannan na nufin lafiya lau, wannan mutum da bindiga, wannan shaho. Zomonsa kunnensa a yage yake saboda maciji ya kama shi yana jariri. Uwarsa tana koya masa darasi ɗaya bayan ɗaya: ka lafe kada ka motsa, sarƙaƙiya abokiyarka ce, ruwa yana yanke ƙanshin sawu. Babu mai sa riga, babu mai zuwa kasuwa.

Sai dai bai tsira gaba ɗaya ba. A labarin zomon ya sa uwa da ɗa suna magana, ya kare kansa da cewa fassara yake daga harshen zomaye, ba ya faɗin abin da ba su faɗa ba. Wannan wayon marubuci ne, ni dai ban saye shi duka ba. Kuma jarumansa kullum su ne mafi girma, mafi wayo, mafi ƙarfin zuciya a jinsinsu. Gizo ya fita ta ƙofa, ɗan'uwansa ya leƙo ta taga.

Labarai nawa ne a littafin 1898?

Takwas. Akwai Lobo, da hankaka Silverspot, da zomo Raggylug, da karnuka biyu, Bingo wanda nasa ne da Wully, da wata yanyawa ta Springfield, da wani baƙin ingarman dokin jeji, da Redruff, tsuntsu dangin makwarwa daga kwarin Don. Shi ya zana hotunan da kansa, kuma gefen kusan kowane shafi cike yake da ƙananan zane: sawu, gashin tsuntsu, tarko, kan zomo yana leƙe. Matarsa Grace ta taimaka wajen tsara fasalin littattafan. Littafin ya yi kasuwa nan da nan, ya mai da shi mai kuɗi, ya shiga yawon lacca gari-gari yana kwaikwayon kukan kyarkeci a gaban jama'a.

Bayansa ya yi tarihin wani beyar, dabbar da Turawa ke kira bear, mai suna Wahb a 1900, da labarin Krag ragon dutse a 1901, da wasu da dama. Akwai kuma Two Little Savages na 1903, wanda ba na dabba ba ne kai tsaye, labarin yara ne da suka kafa tanti a kurmi suna koyon zaman daji.

Me ya sa dabbobinsa kusan duka mutuwa suke a ƙarshe? Wannan ya dace da yara?

Shi da kansa ya amsa a gabatarwar littafin, ya ce rayuwar dabbar daji kullum da mugun ƙarshe take ƙarewa. Dabbar daji ba ta tsufa ta mutu a kan tabarma jikoki na kewaye da ita. Ranar da gudunta ya ragu, ranar wani ya ci ta. Mujiya ce ta kashe hankakan da dare. Uwar zomon ta nutse a ruwan sanyi tana gudun yanyawa. Dokin da aka kama ya kubce ya faɗa daga kan dutse. Tsuntsun ya kwana yana reto a tarkon igiya har mujiya ta zo ta ƙarasa shi.

Mafi nauyi shi ne na yanyawar. An kashe mijinta da 'ya'yanta uku saboda satar kaji, aka ɗaure na huɗun da sarƙa a tsakar gida. Dare bayan dare tana zuwa ta shayar da shi, ta kawo masa kaza, ta yi ta gwaguyar sarƙar. Da ta ga ƙarfe ba ya ciwuwa, sai ta kawo masa naman guba, ta tafi ba a sake ganinta ba.

Game da yara, ra'ayina shi ne ɗan shekara goma zuwa sama zai ɗauka. Yaron da ya ga an yanka ragon layyar da ya yi wata biyu yana ba dusa ba baƙon wannan ciwo ba ne. Na ƙasa da haka, a fara masa da zomon ko hankakan, a ajiye yanyawar da Blanca sai ya ƙara wayo.

Shin labaran gaskiya ne, ko ƙirƙira?

Nan ne rigimar take. Jimlar farko ta gabatarwarsa cewa take labaran nan gaskiya ne. A wurin dai ya amsa cewa wasu jaruman ya haɗa su ne daga dabbobi fiye da ɗaya, abin da wannan ta yi da abin da waccan ta yi ya ɗora wa guda.

A watan Maris 1903, John Burroughs, dattijon marubutan halitta na Amurka, ya fito a mujallar Atlantic Monthly ya yi musu wankin babban bargo, Seton da wani fasto marubuci William J. Long. Ya yi wa sunan littafin Seton ba'a, ya ce kamata ya yi a kira shi namun dajin da ni kaɗai na sani. Ya tambaya: wa ya taɓa ganin yanyawa ta hau bayan tunkiya don ta ɓatar da sawu? Wa ya ga ta ja karnuka kan gadar jirgin ƙasa daidai lokacin da ta san jirgi zai zo? Wa ya shaida uwa ta ba ɗanta guba da gangan? A ganin Burroughs dabba ɗabi'ar da aka halicce ta da ita take bi, ba ta buɗe makaranta. Gardamar ta yi shekara huɗu a jaridu, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda shi ma maharbi ne, ya tsoma baki a 1907 ya kira irin waɗannan marubuta masu jabun ilimin halitta. Long ya fi shan duka, marubuci Jack London ma ya samu rabonsa.

Seton bai biye musu a jarida ba. Ya haɗu da Burroughs a wata liyafa a gidan attajiri Andrew Carnegie, daga baya ya gayyace shi gida ya nuna masa tarin littattafan da ya cika da bayanan daji na shekaru, da dubban zane, da fatu. Sannan ya zauna ya yi aikin da ba mai cewa tatsuniya ne: juzu'i biyu kan dabbobin arewa a 1909, da juzu'i huɗu na Lives of Game Animals tsakanin 1925 da 1928. A 1927 aka ba shi lambar yabo a kan wannan aiki, lambar kuwa sunan John Burroughs take ɗauke da shi.

In ka tambaye ni wa ya yi gaskiya, kowa ya kama wani gefe. Yanyawa mai ba ɗanta guba don ta 'yantar da shi, wannan Seton ne ya karanta zuciyar mutum a cikin dabba. Amma a kan cewa dabbobi suna koyo daga iyayensu, kuma kowace da halinta, binciken baya ya fi karkata wajensa. Yau an tabbatar hankaki suna gane fuskar mutumin da ya cuce su, har sauran su koya daga gare su. Duk makiyayin da ya san saniyarsa mai faɗa da mai haƙuri da mai jan garke bai buƙaci jami'a ta gaya masa wannan ba.

Mece ce alaƙarsa da 'yan sikawut?

Ta faro ne daga ɓarnar yara. Ya sayi fili babba a Cos Cob, jihar Connecticut, ya kewaye shi da shinge, yaran unguwa da suka saba yawo a wurin suka riƙa karya shingen suna yi masa rubutun batsa a ƙofa. Aka ce ya kai su ƙara. Shi kuwa sai ya tafi makarantarsu ya gayyace su su zo su kwana a tanti a filin nasa. Suka zo, ya ba su labari a bakin wuta, ya sa suka zaɓi shugabanninsu da dokokinsu. Daga nan ƙungiyar Woodcraft Indians ta fito a 1902, inda yaro ke samun lambar girma don ya gane itatuwa ko ya kunna wuta ba ashana, ba don ya kayar da wani ba.

A 1906 ya haɗu da Robert Baden-Powell, sojan Ingila da ya kafa sikawut daga baya, a Landan, bayan ya aika masa da littafin dokokin ƙungiyar. Da littafin Baden-Powell na sikawut ya fito a 1908, Seton ya ga wasanninsa da dabarunsa a ciki an canza musu suna, abin ya tsaya masa a rai har ya mutu. Duk da haka, da aka kafa sikawut ta Amurka a 1910, shi aka ba muƙamin babban sikawut, shi ya rubuta littafin jagoranta na farko. Zaman bai yi tsawo ba. Shi yana son daji da wuta da labari, James West mai riƙe da ofis yana son tsari da inifom da kishin ƙasa. Ana cikin yaƙin duniya na farko aka riƙa yi masa gorin cewa ba ɗan ƙasa ba ne. A 1915 suka raba gari, ya koma kan ƙungiyarsa.

Me ya sa ake sukarsa a kan 'yan asalin Amurka?

A zamanin da yawancin Turawa ke kallon 'yan asalin ƙasar a matsayin mutanen da ba su waye ba, shi ya ce su ne abin koyi, ya kuma soki yadda aka ƙwace musu ƙasa. Wannan a yaba masa. Amma ya ɗebo al'adar wannan ƙabila da ta waccan ya gauraya, ya ƙera wani ɗan asalin Amurka na mafarki, ya sa 'ya'yan Turawa suna sa gashin tsuntsu a ka suna raɗa wa juna sunaye. Shi ma Baƙin Kyarkeci yake kiran kansa. Ka ɗauka wani ya haɗa rawanin Buzu da sharon Fulani da kiɗan Tibi ya ce ga al'adar Afirka. Yabo ne, amma mai al'adar ba lalle ya gane kansa a ciki ba. Jikokin waɗancan ƙabilu da yawa haka suke kallon abin a yau.

Ya yi iyali?

Ya auri Grace Gallatin a 1896, marubuciya ce ita ma kuma 'yar gwagwarmayar ba mata 'yancin zaɓe. 'Yarsu ɗaya, wadda aka haifa a 1904, ta zama sananniyar marubuciyar labaran tarihi da sunan Anya Seton. Auren ya mutu a 1935, ya auri Julia Buttree wadda ta daɗe tana aiki tare da shi, suka ɗauki riƙon wata yarinya.

Me ya sa aka fi saninsa a Japan fiye da ƙasarsa?

An fassara labaransa zuwa Japananci a shekarun 1930, suka shiga jerin littattafan da kusan kowane ɗan makaranta ke cin karo da su. An mai da su littattafan zane, an yi katun na talabijin da labarin wani beyar nasa, ba Wahb ba, a 1977 da na kuregensa a 1979. A Rasha ma an daɗe ana karanta shi, a ƙasar Cek kuwa ƙungiyar dajinsa ta yi saiwa. A Amurka kamfanin Disney ya yi fim ɗin Lobo a 1962, amma ya sauya ƙarshen, Lobo ya kuɓutar da macensa suka tsere. Ga alama sun ga gaskiyar Seton ta yi wa masu sayen tikiti ɗaci.

Ina zan samu littattafan, kuma da wanne zan fara?

Tsofaffin sun fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a intanet, misali a Project Gutenberg. Ka nemi bugun da ke da zanensa, don rabin daɗin yana gefen shafi. Ka fara da Lobo, bai wuce zama ɗaya ba. Ingilishin na ƙarni na 19 ne, kuma maganar makiyaya a ciki an rubuta ta yadda suke furtawa, tana iya ba ɗalibi wahala. Malamin da zai karanta wa aji gara ya karanta da kansa tukuna, ya ba da shi da Hausa da bakinsa, ya tsaya a wurin naman guba huɗun nan ya tambayi yara me suke zaton Lobo zai yi.

Yaya ƙarshen rayuwarsa ya kasance?

A 1930 ya koma New Mexico, jihar da ya kashe Lobo, ya sayi fili kusa da Santa Fe, ya gina babban gida na dutse da ake kira Seton Castle, ya buɗe wurin horar da shugabannin matasa. Yana rubutu yana lacca har ƙarfinsa ya ƙare. Ya mutu a can ranar 23 ga Oktoba 1946 yana da shekara 86. An ƙona gawarsa, a 1960 kuma, shekara 100 da haihuwarsa, iyalinsa suka watsa tokar daga jirgin sama a kan filin. Gidan ya ƙone a 2005 ana cikin gyara shi. Littattafansa da zane-zanensa da yawa suna gidan tarihi na Philmont, babban sansanin sikawut da ke kusa da Cimarron a jihar, kuma fatar Lobo tana can tare da su.